Sauya ruwan kandamin kifi a gida: wace hanya ce ta dace da kai?

Duk wanda ya gina kandamin siminti ko ya kafa na tampol a bayan ɗakinsa ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, ba zai yi wata guda ba sai shawarwari sun yi masa yawa. Wannan ya ce a zubar da ruwan kaf duk bayan kwana uku, wancan ya ce kul ka kuskura, kashi ɗaya cikin uku kawai ake ragewa. Wani kuma ya nuno maka hoton durom uku jere da bututu a waya, ya ce da wannan ba ka ƙara sauya ruwa har abada. Kowa da gaskiyarsa, sai dai gaskiyar gidansa ce. Abu biyu ne suke raba gardamar: yawan abincin da kake zuba wa kifin a rana, da kuma abin da lita ɗaya ta ruwa take ci maka a gidanka. Sauran duk a bayan waɗannan suke.

Zan yi misali da kandami mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, wato lita 4,000. Ban sa farashi da naira ba, don abin da na rubuta yau zai zama tsohon labari kafin ƙarshen wata. Na auna da lita, da jarka, da awannin da inji zai yi yana aiki, kowa ya buga da farashin unguwarsu.

Abin da za a auna da shi

Na farko, dattin da kifin yake fitarwa. Ruwa ba kwanaki ne suke lalata shi ba, abinci ne. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai cutar da shi in ya taru a ruwa, ta jajayen gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa a ƙasa su ƙara wata. Kilo ɗaya na abinci mai furotin kashi 40 cikin 100 yana haifar da amoniya wajen giram 30 zuwa 35. To, ka ɗauki tarwaɗa 200 masu giram 10 kowace: abincinsu a rana bai wuce giram 100 ba. Bayan wasu watanni sun kai giram 300 kowace, nauyinsu duka kilo 60, suna cin kilo ɗaya da rabi a rana. Kandamin bai ƙara girma ba, amma dattin ya ninka sau 15. A wannan matakin, amoniyar rana ɗaya tak ta kai wajen miligiram 12 a kowace lita idan ba abin da ya kwashe ta. Shi ya sa tsarin da ya yi maka aiki lafiya a watan farko yake kashe maka kifi a wata na huɗu.

Abin da yake ceton tarwaɗa shi ne, ba duk amoniyar ce guba ba. Idan pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana kan 7, ɓangaren da yake cutarwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8, wato ruwan ya karkata wajen kanwa, gubar ta ninka kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara mata ƙarfi. Sabon kandamin siminti da ba a jiƙa shi an wanke sau da yawa ba yana tura pH sama, shi ya sa kifin farko a sabon gini suke yawan mutuwa ba a san dalili ba. Tsakanin 6.5 da 8.5 ake so ya tsaya.

Na biyu, inda ruwanka yake fitowa. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe a cikinsa, za ka gan shi garau amma in ya kwana a bokiti ya yi ja-ja. Wannan yana son a watsa shi daga sama ko ya huta a tanki kafin ya shiga wurin kifi. Ruwan famfo na gwamnati ana sa masa kulorin don kashe cuta, kuma kulorin ɗin yana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe. Idan kuwa daga 'yan ga-ruwa kake saye, jarka mai lita 25 ita ce ma'auninka, kuma kandamin misalinmu jarka 160 yake sha kafin ya cika.

Na uku, wuta: awa nawa kake samu, kuma idan ta ɗauke da tsakar dare me zai faru da kifin. Na huɗu, irin firgici da wahalar da kifin zai sha a lokacin sauyin. Na biyar, ƙarkon kayan aiki da lokacin da kai kanka za ka iya bayarwa. Akwai kuma wanda ake mantawa sai maƙwabci ya yi sallama: ina ruwan da ka zubar zai tafi?

Zubar da ruwa gaba ɗaya

Wannan ita ce hanyar da yawancin masu kiwon tarwaɗa a gida suke farawa da ita. A kwantar da bututun waje, ruwa ya tsiyaye har kifin su riƙa birgima a ƙasa, a goge gansakuka da tsintsiya, a sake cikawa. Kayan aikinta bututu ne da gwiwarsa da tsintsiya, babu abin da zai lalace sai dai rana ta busar da roba ta tsage bayan shekaru. In ana yi duk kwana uku, ruwan da ake ci ya kama lita 1,300 da 'yan kai a rana.

A ba ta haƙƙinta: a lissafi, da adadin ruwa iri ɗaya ta fi ragewa kullum ko ruwa mai gudana barin kandami da tsabta, don tana zubar da tsohon ruwan ne duka, ba ta haɗa shi da sabo. Matsalarta a jikin kifi take. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, santsin da ke jikinta shi ne rigarta. In ruwa ya ƙare suna goga ciki a siminti, suna soke juna da ƙayar gefensu, santsin ya kankare, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Sannan ga sauyin zafi na farat ɗaya.

Ni a nan na sha tawa. Wata ranar Afrilu, bayan azahar, na zubar da ruwan ƙarƙaf na buɗe na tankin sama, baƙin tanki da ya wuni a rana. Ban sa hannu na taɓa ba. Kafin magariba sai ga kifin sun miƙe tsaye a ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje kamar an jera tsinke. Washegari abinci yana yawo a sama ba mai kula shi. Kwana uku ina tsamo gawa, da farin tabo a bayansu inda fata ta saluɓe. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zo ya leƙa, ya tsoma hannu a tankin, ya ce: "Ɗana, ai dafa su ka yi." Na ce, "Baba, ruwan fa mai tsabta ne." Ya ce, "Ruwan shayi ma mai tsabta ne."

Wanda ya zaɓi wannan hanya, to ya bar ruwa ya rufe bayan kifin, ko da taƙi ɗaya ne, ya yi da sassafe ko da yamma liƙis, kada ya ba su abinci kafin sauyin ko nan take bayansa.

Rage kashi ɗaya cikin uku ko rabi kullum

Nan ana zubar da wani ɓangare ne a cika da sabo. In kashi ɗaya cikin uku ne kullum, lita 1,300 ke nan, jarka 52. Ka lura, daidai yake da ruwan da hanyar farko take ci. Masu cewa wannan ta fi tattalin ruwa ba su zauna sun yi lissafi ba. Ribarta ita ce kifi ba ya ganin sauyi mai tsanani: zafi, pH, komai yana tafiya a hankali, cin abinci ba ya tsayawa.

Amma akwai wani abu da ya kamata a gane. Tunda kullum kana barin kashi biyu na tsohon ruwa, datti yana taruwa har ya tsaya a kan ninki uku na abin da kifin suke fitarwa a rana, kuma ba ya taɓa sauka ƙasa da ninki biyu. Ga ƙananan kifi wannan ba komai ba ne. Ga kifi masu cin kilo ɗaya da rabi a rana, ruwan zai zauna kullum a ƙazance, kumfa a sama, ƙarni yana dukan hanci tun daga ƙofar gida. A wannan matakin sai a koma rabi, ko kashi biyu cikin uku.

Gaba ɗaya nasarar hanyar tana kan inda ake ɗebe ruwan. In daga sama yake malala, mai kyan ka zubar, ka bar wa kifi dagwalo. Dole ya fita daga ƙasa. Kandamin siminti a karkata daɓensa zuwa ramin fita tun wurin gini. Na tampol kuwa, ƙasansa yakan yi lotsi nan da can, datti ya kwanta a ciki, sai an bi da mesa an zuƙe. Ka sa mesar a kusurwa ka ga abin da yake fitowa: baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kandamin da samansa yake kama da ba shi da laifi. Minti goma na wannan zuƙar ya fi jarka ashirin da aka kwasa daga sama.

Kuɗin kafawa kaɗan ne, kayan suna da ƙarko, sai dai tana son mutum kullum. In ka yi tafiyar kwana uku ka bar wa yaro, sai abin da ka tarar.

Ruwa mai shiga yana fita

Bututu ɗaya yana zubowa a hankali, wani yana fitarwa daga ƙasa, dare da rana ko na wasu awanni. Ga lafiyar kifi babu kamarta cikin hanyoyin da ba su da na'urar tace ruwa: ruwa ba ya tsufa, kifi ba ya firgita, ana iya ƙara yawansu. A lokacin hunturu kuma tana da wata fa'ida, don ruwan burtsatse yana fitowa da ɗuminsa, yayin da kandamin tampol yake yin sanyi ƙarara da asuba a Disamba da Janairu. Tarwaɗa ta fi son zafi tsakanin digiri 26 zuwa 30, in ya sauka wajen 20 sai ta ja baki daga abinci.

Kuɗin ne dai. Lita 3 a minti, wadda a ido siririn zare ce, ta kama lita 4,320 a kwana ɗaya, fiye da cikin kandamin. Kuma saboda sabo yana gauraya da tsoho kafin ya fita, wannan adadin bai sauya sama da kashi biyu cikin uku na tsohon ruwan ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai jan ruwa da janareta ya san abin da awa ɗaya take ci. Wanda yake da burtsatse mai sola, rana tana cika masa tanki kyauta, shi ne wannan hanya ta yi wa daidai. Hatsarinta biyu ne: tanki ya ƙare da dare ba ka sani ba alhali ka tara kifi da yawa saboda dogaro da gudun ruwan, ko ragar bakin bututu ta toshe kandami ya cika ya tumbatsa. Tarwaɗa kuwa in ta samu ruwa ya kai baki, fita take ta kama tafiya a tsakar gida.

Tace ruwa a maido shi

Wannan ita ce ta durom uku. Ruwa yana fita daga kandami ya shiga durom na farko inda datti mai nauyi yake kwanciya, ya wuce ta soso ko raga, ya shiga inda aka cika da tsakuwa ko gutsattsarin roba. A jikin waɗannan ne wasu bakteriya masu amfani suke zama, kashi ɗaya su mai da amoniya naitarayit, wani kashin su mai da naitarayit naitaret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sannan inji ya maido ruwan. Da irin wannan tsari ne manoman ƙasar Holan suka fara kiwon tarwaɗarmu ta Afirka a cikin rufaffun gine-gine tun shekarun 1980, a ƙasar da sanyinta ba zai bar ta ta rayu a waje ba.

Ruwan da take ci kaɗan ne, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a rana, wato lita 200 zuwa 400, jarka 8 zuwa 16, wanda yake tafiya wurin zubar da dattin durom na farko. Mai cewa ba a sauya ruwa ko kaɗan, talla yake yi. Kuɗin kafawa shi ne mafi yawa: durom, bututu, injin tura ruwa, injin hura iska, sannan batir ko sola da za su riƙe su.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne, matatar nan rayayyen abu ce. Bakteriyar suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, kuma a cikin wannan lokacin naitarayit yana hauhawa. Shi naitarayit jinin kifi yake shiga ya hana shi ɗaukar oksijin. Gishiri kilo 1 a lita 1,000 yana rage wannan cutarwar, tare da ci gaba da sauya ruwa kamar babu matata har ta kafu. Bayan ta kafu ma, abu kaɗan ne yake kashe ta: a wanke tsakuwar da ruwan famfo mai kulorin, ko a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a kandami yadda aka saba yi da an ga kifi ɗaya ya yi lamo. Wuta kuma in ta ɗauke awanni da yawa, ruwan da ya tsaya a durom yana rasa iska ya fara ruɓa. In ta dawo inji ya tashi da kansa, wannan ruɓaɓɓen ruwan zai antaya wa kifi. Sai an fara zubar da na durom ɗin tukuna.

Wajen ƙarko, durom da tsakuwa za su yi shekaru. Ƙananan injunan da ake nutsarwa a ruwa su ne masu saurin mutuwa, datti ya shaƙe farfelarsu ko ruwa ya janye su ƙone. Injin iska robar cikinsa ce take yagewa, ana sauya ta. A ajiye na biyu a gida. Kuma wannan hanya ba ta yiwuwa da ido da hanci kaɗai, sai da kwalaben gwajin amoniya da naitarayit da pH, irin waɗanda ake ɗiga wa ruwa a duba launi.

Kifi kaɗan, tsiro da koren ruwa

Wanda kandaminsa na ƙawata gida ne, da 'yan kifin ado ko karfasa ashirin zuwa talatin, bai kamata ya wahalar da kansa da duk na sama ba. Kainuwa da gansakuka suna shanye amoniya a matsayin taki. Kashi 10 cikin 100 a mako, lita 400, ya wadatar, sai cike abin da rana ta ƙafar a bazara. A kula da abu biyu: kainuwa, dashen Allah, in an ƙyale ta sai ta rufe ruwan duka, a riƙa kwashewa a bar kashi ɗaya cikin uku. Koren ruwa kuma da rana yana ba da oksijin, da dare yana shanye shi, don haka in ya yi kauri za ka tarar da karfasa suna haki a sama da asuba. Su ba su da gaɓar shaƙar iskar sarari irin ta tarwaɗa, ƙaramin injin iska yana raba su da wannan.

| Hanya | Ruwa a rana (kandamin lita 4,000) | Kuɗin kafawa | Ƙarko | Aiki | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zubarwa duka, duk kwana 3 | lita 1,300 | kaɗan ƙwarai | mai yawa | nauyi, sau 2 a mako | rauni da firgicin kifi |
| Rage kashi ɗaya cikin uku kullum | lita 1,300 | kaɗan | mai yawa | kullum | datti ya taru in kifi sun girma |
| Mai shiga yana fita | lita 4,000 zuwa sama | tanki da injin burtsatse | matsakaici | sauƙi | ruwa ya yanke, ko ya tumbatsa |
| Tacewa a maido | lita 200 zuwa 400 | mai yawa | inji yana lalacewa | yana son sani da gwaji | ɗaukewar wuta, mutuwar matata |
| Tsiro da kifi kaɗan | wajen lita 60 | kaɗan | mai yawa | sauƙi ƙwarai | ƙarancin iska da asuba |

Maganar maƙwabci kuwa, lita 1,300 na ruwan kifi a kwata kullum rigima ce da mai unguwa ma sai ya ji ta, ga wari ga sauro. Ruwan nan taki ne. In akwai fili, a ja shi gindin ayaba, gwanda, zogale ko kwamin alayyahu. Ranar da aka sa gishiri dai a kauce wa shuka.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In kana da rijiya ko burtsatse a gida, wuta ba tabbas, kifinka ɗari biyu ko uku ne na ci da ɗan sayarwa, ka tsaya a kan ragewa kullum daga ƙasa. Fara da kashi ɗaya cikin huɗu suna ƙanana, ka riƙa ƙarawa yadda mudun abincinsu yake ƙaruwa, har rabi ko fiye a watannin ƙarshe. Zubarwa duka ka bar ta sai ranar tantance kifi, lokacin da dama za ka raba manya da ƙanana don kada su cinye juna.

In aikinka ba ya barinka zama kullum, kifin kuma manya ne da suka wuce giram 300, babban sauyi duk kwana biyu ko uku zai yi, da sharaɗin barin ruwa a bayansu da taɓa sabon da hannu kafin a buɗe.

Mai burtsatsen sola da lambu a gefe, wanda yake son tara kifi da yawa a ƙaramin wuri, ruwa mai gudana ne nasa, musamman ga 'ya'yan kifi da kuma lokacin hunturu.

Mai sayen ruwa a jarka da yake da sola da batir masu riƙe inji har gari ya waye, kuma ba ya ƙyashin gwada ruwa sau biyu a mako, matata za ta biya kuɗinta, don jarka 12 da jarka 52 ba ɗaya ba ne. In kuwa ruwan saye kake yi, wutar ma babu, kada ka zuba tarwaɗa 200. Zuba 50, ka ciyar da su daidai ruwan da za ka iya saya, ko ka mai da kandamin na karfasa da kainuwa.